Abin da Na Ɗauka a Zauren Gwaggo

Ni dai ban taɓa ɗaukar hoton gini sukutum ba. Masu manyan kyamarori su ne ke ja da baya su tsaya can nesa don soro ya shiga gaba ɗaya, har da zankayensa. Ni kuwa matsawa nake yi har hancina ya kusa taɓa bango. Ƙananan abubuwa ne ke tsone mini ido a tsohon ginin ƙasa: sawun yatsun magini a jikin yaɓe, gidan zanzaro a kusurwa, alkukin da hayaƙin fitila ya baƙanta, indararon da aka yi da tsohuwar garwa. Wannan ciwo ya kama ni ne bayan an rushe gidan kakanmu a Katsina an yi na bulo. Wata rana na zauna ina son in tuna yadda ƙyauren zaurenmu yake, ƙyauren da na yi shekara da shekaru ina turawa, sai na rasa. Katako ɗaya ne, ko biyu aka haɗa? Na tambayi yayyena, kowa ya faɗi nasa daban, har aka kusa faɗa. Daga ranar na fara bin bangon mutane da waya a hannu duk lokacin da na taso daga makarantar da nake koyarwa. Mijina ya ce shi ba ruwansa, in dai ba za a kira shi a ce an kama ni ina hawan katanga ba.

Gwaggo yayar mahaifina ce. A Magama ta yi aure, gaba kaɗan da Jibiya, daf da boda, kuma a nan ta zauna bayan mijinta ya rasu. Gidan tsoho ne ƙwarai. Surukinta ne ya gina shi, wani bafatake da ke kai-komo tsakanin Katsina da Maraɗi tun ba a san wani shinge a hanya ba. In ka zauna a dakalin ƙofar gidan kana hango manyan motoci a jere suna jiran a buɗe musu su tsallaka. Na daɗe ina kwaɗayin zauren nan, amma hanya ta lalace, kullum sai in ce sai an samu sauƙi.

Ɗa ɗaya gare ta. Ta haihu da yawa, ba su zauna ba, wabi ta yi ta yi har mutane suka daina yi mata barka da ƙarfi. Shi kaɗai ya tsaya, kuma har ya girma da huji a kunnensa na dama, wanda aka yi masa yana jariri wai don mutuwa ta raina shi ta wuce. Taubashina ne, saboda haka tun muna yara ba mu taɓa gaisawa ba tare da tsiya ba. Direba ne. Yana da wata tsohuwar mota da yake ɗaukar fasinja zuwa Maraɗi, in kuma an rufe boda sai ya koma bin kasuwannin ƙauye. Bakinsa cike yake da maganar can tsallake: kwastan a wurinsa duwan ne, fetur kuwa isansi. Ni yana ce mini Malama, da wata irin murya da ke nuna ko kaɗan bai yarda na san komai ba. Ni kuma ina ce masa direban Gwaggo.

A wani hutun makaranta, ana daf da damina, na ce ko me za a yi sai na je. Tun daga tasha na san an canza. Da, motar Jibiya ba ta rabo da surutu, ana gardamar farashin gero, ana tsokanar direba. Wannan karon muna barin gari kowa ya yi tsit. Akwai wani wuri da daji ke matsowa kusa da titi, muna isa nan sai matar da ke kusa da ni ta fara motsa baki tana addu'a, direba ya taka mota kamar ana bin sa. Ba wanda ya ambaci 'yan bindiga. A can ma ba a cika kiransu haka ba, sai dai a ce mutanen daji, a kuma rage murya.

Taubashina ne ya tarye ni a Jibiya. Ina shiga motarsa na zaro waya, don na hango wani tsohon shago mai taga ƙarama kamar ramin ɓera. Sai ya ɗora hannu ya danne wayar a cinyata.

"Malama, maida abin ga jaka," in ji shi, kuma babu dariya a fuskarsa. "Nan ba Katsina ba ce. Wanda duk anka gani yana ɗaga waya ga gidan mutane, infoma za a ce mashi. Kahin ki yi bayani 'yan sa-kai sun gama da ke, ni kuma sun ƙone mani mota."

Na san infoma, su ne ake zargi da kai wa mutanen daji labarin wanda ke da abin hannu da inda yake kwana. Ban dai taɓa tunanin mace mai hijabi da jakar malamai za ta yi kama da su ba. Na ce masa ashe dai direban Gwaggo matsoraci ne. Ya ce eh, shi ya sa har yau yake cin tuwo. Na mayar da wayar, ban sake fito da ita ba sai da muka shiga gida.

Kashegari da hantsi ya fita aiki, Gwaggo tana tsakar gida tana tsince wake, matarsa tana wanki. Na samu zaure ni kaɗai. Wayyo, zauren nan! Rufinsa na azara ne, an jera su kan lanƙwasassun ginshiƙai guda biyu, irin waɗanda ake kira bakan gizo, da suka haɗu a tsakiya, sanyi kamar cikin randa. Na ɗauki sawun yatsu a jikin makubar da aka shafe bango da ita, manya-manya, na mutumin da ya mutu tun ba a haifi ubana ba. Na ɗauki wani ƙahon rago da aka kafa a bango ana rataya linzami. Na ɗauki ramin da ƙafar ƙyaure ta ci a daɓe saboda buɗewa da rufewa. Raina fari tas, har ina 'yar waƙa.

Ina ɗaga kai sai na hango wani abu a saman ƙofa, can tsakanin azara biyu. Ɗan ƙarami ne, bai fi akwatin ashana ba, baƙi ƙirin, yanar gizo ta rufe shi. Da farko na zaci jemage ne ya mutu a maƙale. Na jawo benci na hau. Fata ce aka ɗinke ta kusurwa huɗu, ɗinkin sirara-sirara, mai kyau kamar aikin dukawan da. Laya ce. Ban taɓa ta ba, wallahi ko yanar ban share ba. Na kunna hasken waya, na matsa, na danna. Hoton ya fito fes, har zaren ɗinkin ana iya gani.

Da murnata na shiga gida na tsuguna gaban Gwaggo. Na nuna mata ƙaho, ta yi dariya ta ce ni dai ban da aikin yi. Na nuna mata ramin ƙyaure, ta ce Allah ya shirye ni. Sai na turo na ƙarshe.

Faifan wake ya zame daga cinyarta. Ba ta ko dubi waken da ya watse ba, ta kau da kai daga wayar da sauri kamar na nuna mata tsiraici.

"Mi kinka yi?"

"Ɗauka na yi, Gwaggo. A saman ƙofa na gan ta."

"Kinka ɗauka," in ji ta a hankali. Ta sake maimaitawa. "Kinka ɗauka."

Sai a lokacin na ji kalmar da kunnen mutanen garin. A Katsina muna ɗaukar hoto, muna ɗaukar kaya, muna ɗaukar amarya. A Magama ta wannan zamani in aka ce an ɗauki wani, ba a tambayar wa ya ɗauka ko ina aka kai shi. Matar taubashina ta tsayar da wanki tana kallonmu, kumfa na ɗiga daga hannunta.

Gwaggo ta ja ni ɗaki ta sa na zauna a bakin gado. Ta ce ranar da aka haifi taubashina, uban ya tafi wurin wani malami a tsallaken boda ya dawo da layar nan. Da hannunsa ya cusa ta a saman ƙofa. Malamin ya kafa sharaɗi: kada a buɗe, kada a nuna wa kowa, kada a ɗauke ta daga inda take. Muddin tana nan, yaron zai fita ta ƙarƙashinta ya dawo ta ƙarƙashinta. Ta ce ko shi kansa bai san ainihin wurin da take ba, kuma ita tun ranar ba ta ƙara ɗaga kai a zauren ba.

Na ce, "Haba Gwaggo, ai tana nan inda take. Ko taɓa ta ban yi ba. Hoto ne kawai."

"In ba a ɗauki komi ba, don mi ake ce ma abin ɗauka?"

Sai na yi abin da kowa zai yi. Na ce, "To kwantar da hankalinki, bari in goge."

Ban san tsohuwa tana da ƙarfi haka ba. Ta cafke wuyan hannuna har sai da awarwarona ya shige mini fata.

"Ki goge wa?" Idonta ya kawo ruwa. "Ɗiyata, ki goge wa?"

Gaba kura, baya sayaki. In na bar hoton, na ɗauke. In na goge, na goge. Muka zauna, tana riƙe da hannuna, ni ina riƙe da waya, ana jin ƙugin manyan motoci daga bakin boda. Daga ƙarshe ita ta yanke hukunci. Kada in goge, kada in nuna wa kowa, kada in tura wa kowa, ni ma kada in riƙa buɗewa ina kallo. In riƙe shi yadda azara ta riƙe ta. Na ce na ji, na kuma yi alkawari, don a lokacin ko me ta ce in yi zan yi, in dai za ta sake mini hannu.

Da la'asar taubashina ya dawo, matarsa ta fesa masa tun a zaure. Ya shigo yana dariya har da riƙe ciki.

"Shi ke nan, na shiga uku! Duk duniya a rasa wanda za a ba ajiyar raina sai Malama? To don Allah ki riƙa sa mani caji. Kar ki bar ni in mutu cikin jaka."

Na ce masa in ya ƙara yi mini rashin kunya zan sayar da shi a kasuwar 'yan waya. Matarsa ta yi dariya, ni ma na yi. Gwaggo ba ta yi ba. Ta ce, "Ba ni son irin wasan ga," ta tashi ta ɗauki buta.

Na koma Katsina da niyyar mantawa. Da na ba mijina labari, ban nuna masa hoton ba, ya ce wannan camfi ne, laya ba ta tsare kowa, Allah ne ke tsarewa. Na ce gaskiya ne. Har yau na san gaskiya ne, da kaina nake faɗa wa ɗalibaina haka. Amma abin da kai ya sani daban, abin da ƙirji ke yi daban. Duk lokacin da aka ce an tare hanya a wajen Jibiya, kafin in kira kowa sai na ga hannuna ya riga ni zuwa jaka. In duba wayar, in ga tana kunne, sannan in iya numfashi. Na ji haushin kaina ƙwarai, mace da iliminta tana tsoron batir.

Wayar ta fara cika, ta riƙa ce mini in rage kaya. Da, sai in zaɓi hotuna da yawa in share a tashi ɗaya. Yanzu ɗaya-ɗaya nake bi, ina duba kowanne sau biyu, don kada tsautsayi ya kai ni kan wanda ba a gogewa. Na hana yarana taɓa ta, su da suka saba wasa da ita. Ranar da ta suɓuce ta faɗi a kan siminti gilashin ya tsage, ihun da na yi sai da maƙwabciya ta leƙo ta katanga tana tambayar wa ya ƙone. Na kai wa mai gyara, ya jujjuya ta ya ce ta tsufa, gara a wanke ta gaba ɗaya a sake zuba mata komai. Na fizge abata na fito, yana kirana Hajiya lafiya, ban waiwaya ba. Na sayi sabuwa, na cire layi daga tsohuwar, na naɗe ta a ɗankwali na sa a durowar gefen gado tare da cajarta.

Shi kuwa gogan taubashina ya samu abin tsokana. Sai ya kira ni daga kan hanya, iska na kaɗawa a wayar.

"Malama, ya cajina? Yau tun sahe nike jin kasala, na san ba ki jona ni ba."

In ce masa, "Ka cika fal, sai dai rashin hankali, shi kuma ba a cajinsa."

Akwai ranar da ya kira ina cikin fushi da wani abu daban, na ce masa, "Ka kusa mutuwa, ka dame ni." Ya yi dariya ya kashe. Ni kuwa na tsaya da wayar a kunne. Na bar tukunya a wuta na je na jona tsohuwar, alhali ba ta ko yi rabi ba. Na yi ta istigfari. Ban sani ba ko na camfin nake yi ko na bakina.

Haka damina ta wuce, aka yi kaka, aka shiga wata shekara. Na fara sakin jiki. Har na koma bin bangona a cikin gari, na samu wani tsohon masallaci mai indararon tukwane na yi ta ɗauka da sabuwar waya.

Ranar wata kasuwa ce, da rana tsaka, ina cikin aji ina rubutu a allo. Wayata ta yi ta ruri a jaka har na gaji na fita baranda na ɗauka. Matar taubashina ce. Ba ta yi sallama ba.

"An ɗauke shi."

Ta ce ya kwaso 'yan kasuwa ta wajen Bugaje, aka tare su a wata kwana, aka shiga daji da shi da wasu daga cikin fasinjan. An ga motar a gefen hanya, ƙofofi a buɗe, buhunan mutane ba a ko taɓa ba.

Ban tuna yadda na fita daga makaranta ba. Na dai san ban nemi izini ba, ban kira mijina ba, na hau babur na ce gida. Na faɗa ɗaki da takalmi, na jawo durowa, na warware ɗankwali. Na danna. Ta kawo haske. Na zauna a ƙasa na rungume tsohuwar waya mai tsagaggen gilashi ina kuka, ina cewa Alhamdulillahi, kamar an ce mini an gan shi.

Washegari na kama hanyar Jibiya da wayar a cikin rigata. Tsoro biyu nake ji, kuma ban san wanda ya fi ba. Na farko Gwaggo: da wane ido zan dube ta? Ta faɗa mini da bakinta, kada a ɗauke, na ɗauke, ga shi an ɗauke. Na biyu mutanen unguwa. In maganar ta fita cewa wata baƙuwa daga Katsina ta zo ta yi ta ɗaukar hotuna a gidan, daga baya aka ɗauke mai gidan, wa zai tsaya ya saurari zancen sawun yatsu da ƙahon rago? Duk shingen da muka tsaya, in mai bindiga ya leƙo cikin mota, sai in ji kamar wayar tana haske ta cikin hijabina.

Na tarar da gidan cike da mata 'yan jaje. Har da wata ma'aikaciyar asibiti Kirista da ke haya a maƙwabta, tana zaune kusa da matar taubashina tana riƙe da hannunta. Da zan shiga na lura zauren ya canza, an tokare rufin da wani gungumen itace, gefe ɗaya kuma an rufe da kwano. Ban tsaya dubawa ba, kaina a ƙasa na wuce. Na durƙusa gaban Gwaggo na ce, "Gwaggo, ya muka ji da wannan abu?" Ta rame, idonta ya faɗa. Ta dube ni, ta dafa kafaɗata ta miƙe, ta ce in zo. Mata suka bi mu da kallo har ta saki labule.

Na tsaya a tsakiyar ɗaki ina jiran abin da zai biyo baya. Na shirya wa zagi, na shirya wa tsinuwa ma.

"Kin taho da shi?"

Na zaro wayar daga rigata. Na fara cewa, "Gwaggo, ki yafe..." Ta ɗaga hannu ta tsayar da ni.

"Yana ciki? Ba ki goge ba?"

"Yana ciki. Wallahi ban goge ba, ban nuna wa kowa ba."

Sai ta sulale ta zauna a bakin gado, ta rufe fuska da tafin hannu, ta yi ta hamdala. Da ta ɗago ta ce in matso, ta rage murya ta faɗa mini abin da ba ta faɗa wa kowa ba.

A tsakiyar daminar da ta wuce, bayan wani ruwa mai ƙarfi, azarar saman ƙofa ta karye, ƙasa ta rufto. Ashe gara ta daɗe tana ci ta ciki. Kafin a kira magina, ta kori kowa, ta tsuguna ita kaɗai tana tona ƙasar da hannu. Ta samu layar. Ba abin da ya rage sai ɗan guntun fata da ya ruɓe, tana ɗagawa ya marmashe. Gara ta cinye takardar, ta cinye zaren. Ta share wurin, ta bar abin a cikinta, kullum tana kallon ɗanta yana fita ta ƙofar da ba komai a samanta.

"Tun ran nan ban yi barcin kirki ba," in ji ta. "Abu guda ke kwantar mani da rai. In na tuna sai in ce, ai tana wurin ɗiyata, lahiya lau, da ɗinkinta da komi. Ashe Allah ne ya aiko ki ki ɗauke ta kahin gara ta kai gare ta."

Na buɗe baki in ce mata hoto ne kawai, kamar yadda na faɗa a wancan karon. Na dubi fuskarta, na rufe bakina. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi, don zagi ana ji a wuce. Ta kama hannuwana biyu ta naɗe su a kan wayar, ta danne da nata.

"Muddin tana nan, yana nan. Ki riƙe mani shi."

An yi duk abin da ake yi. Maza sun yi ta kai-komo, an yi magana da mutanen daji ta waya, an kai abin da suka nema, an yi saukar Alƙur'ani. Wasu daga cikin fasinjan sun dawo, ƙafafu a kumbure. Ɗaya ya ce ya gan shi da rai, har yana ba su dariya a daji, yana kwaikwayon yadda jandarma, 'yan sandan can tsallake, ke duba takarda a juye. Wani ya ce an raba su tun farko, an yi gaba da shi saboda ya iya gyaran mota da babur. Daga baya lambar da ake kira ta daina shiga. Ba a kawo gawa ba, ba a kawo labari ba. Mun yi mun yi Gwaggo ta dawo Katsina wurinmu, ta ce in ya dawo ya tarar da wa?

Wayar kuwa tana ta tsufa. Batirin ya kumbura har bayanta ya ɗaga, in an cire ta daga wuta ba ta daɗewa. Mai gyara ya ce irin batirin ya daina zuwa, in ma an samu, ba ya ba ni tabbacin za ta sake tashi in an buɗe ta. Mijina, wanda ya daina ce mini camfi tun ranar da ya ga Gwaggo, ya ce abu mai sauƙi ne, a tura hoton cikin sabuwar waya a huta. Na ga hankali a maganarsa. Na kira Gwaggo na yi mata bayani a hankali, na ce kamar a sauya wa mutum ɗaki ne.

"A sake ɗaukar shi?" in ji ta. "Sau nawa za a ɗauke shi, ɗiyata?"

Ban ƙara tayar da maganar ba.

Yanzu tana nan a gefen gadona, a jone dare da rana, da ɗan batirin ajiya a kusa da ita. Ba na yin nisa da gida. Biki in ya wuce yini ɗaya ba na zuwa, 'yan'uwa har sun fara cewa na yi girman kai. In ina tsakar gida yara suka ce an ɗauke wuta, ko me ke hannuna sakinsa nake yi in ruga ɗaki. Na daina bin bangon mutane. Wani lokaci nakan wuce tsohon soro in hango wani ɗan abu a saman ƙofa, sai in sunkuyar da kai in ƙara sauri.

Kullum da safe, bayan ta idar da lazimi, Gwaggo takan sa matar taubashina ta kira ni. Ba ma doguwar gaisuwa. Laya mace ce a bakin Bahaushe, waya ma mace ce, amma Gwaggo ba ta cewa tana nan. Hoto take nufi ko ɗanta, ban taɓa tambaya ba, kuma ba zan tambaya ba.

"Yana nan?"

Sai in juya in dubi ɗan hasken da ke cikin tsagaggen gilashi, in tabbatar da idona tukuna, don ban taɓa yi mata ƙarya ba.

"Yana nan, Gwaggo."